Bindiga Nawa Ta Ishi Magidanci a Damargu?

'Yan'uwa maza da mata na Tanut da Belbeji, da ku da kuka taso daga Gangara, Olelewa, Falanko da Tenhiya, da waɗanda karatu ko neman abinci ya kai Damagaram da Yamai suke bin mu ta waya, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri.

An ɗora mini magana mai nauyi, irin wadda muke yi a fada da murya ƙasa-ƙasa bayan an zuba shayi na biyu: shin lokaci ya yi da mutum zai nemi ƙaramar bindiga? In ya yi, guda nawa, kuma wace iri? Ku da kuke kwana a TikTok da YouTube kun ga yadda masu bidiyon Amurka suke amsa wannan tambaya. Galibinsu cewa suke biyu sun isa: ƙarama mai sauƙin ɓoyewa a ƙugu don fita, da babba mai cin harsashi da yawa a gefen gado don tsaron gida. Wasu su ce ai guda ɗaya matsakaiciya, irin Glock 19, ta yi aikin biyun. Suna bayani cikin natsuwa kamar masu zaɓen takalmin sallah, kai kuma kana kallo a Tanut, zuciyarka tana raya maka cewa wannan shi ne wayewa.

Ni ma zan ba da nawa adadin kafin in zauna. Amma sai mun ɗauko bindigogin nan biyu mun kawo su Damargu tukuna, mun aza su a kan hanyarmu, a cikin ɗakinmu, da bakin rijiyarmu, mu ga abin da za su yi.

Da farko, duk wanda ya ce tsoron nan na banza ne bai yi mana adalci ba. Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 rumbunan makaman Libiya suka buɗe, kaya suka bazu cikin Sahara. A watan Yuni na shekarar sojojinmu suka yi arangama da wani ayari a yankin Arlit, suka kama sama da kilo 600 na nakiya. A 2014 zinariya ta bayyana a Jado, samarinmu suka yi ta kwarara arewa, wasu suka dawo da kuɗi, wasu da bashi, wasu da sabon sanin abin da ake kira kalashi. Babbar hanyar da ta haɗa Damagaram da Agadas ta tsakiyar Tanut ta ratsa, duk abin da ya hau ko ya gangaro sai ya gaishe mu. Labarin tare hanya da na satar dabbobi ba baƙo ba ne a kunnenmu. Ɗan kasuwar da ya sayar da raƙuma ya ɗauro kuɗi a jiki, da ɗan kabu-kabun da babur ɗinsa shi ne gonarsa, da matar da mijinta ya tafi Libiya ya bar ta da yara, in suka ce suna jin tsoro, gaskiya suka faɗa. Don haka ba zan yi wa kowa dariya ba. Abin da nake so mu auna shi ne ko maganin da ake tallata mana ya dace da ciwon.

Mai bidiyon Amurka yana tsaye ne a kan abubuwan da ba ya ambata, don a wurinsa sun zama ruwan sha. Yana da filin koyon harbi da yake zuwa ya ƙona harsashi ɗari a yini ɗaya. Yana da shagon da zai sayi harsashi mai kyau da takarda. Yana da akwatin ƙarfe mai makulli. Tsarin mulkin ƙasarsu ya ba shi dama, yana da lauya in ta ɓaci, motar asibiti kuma tana isowa cikin mintoci. Duk da wannan gata, ku ji abin da ƙasar take girba. Ƙididdigar cibiyar Small Arms Survey ta Janiba ta nuna a 2017 akwai bindiga kusan 120 a hannun farar hula ga kowane mutum 100 a Amurka. A 2021 kaɗai mutum sama da 48,000 ne bindiga ta kashe a can, fiye da rabinsu kuma su ne suka harbe kansu. Wannan ba ya fitowa a bidiyon. To, in mai akwatin ƙarfe da motar asibiti yana biyan wannan farashi, mu da za mu ɗauko ƙarfen kawai mu baro sauran, nawa za mu biya?

Mu ɗauki ta farko, ta ƙugu, wadda aka ce don hanya ce. Ƙaramar bindiga irin Makarof harsashi 8 take ci, kuma ko a hannun gwani amfaninta bai wuce mita 50 ba. Kalashi tana cin 30, tana kaiwa mita 300 da saiti. Mai tare hanya ba shi kaɗai yake zuwa ba. Shi ya zaɓi wurin, shi ya zaɓi lokacin, ya riga ya ɗora yatsa a kan kunama kafin direbanku ya taka birki. Kai kuma kana matse a bayan Hilux, buhu a cinyarka, wata tsohuwa a gefenka. Ka gaya mini ta ina za ka zaro, ka ɗana, ka saita?

Kuma kar mu yaudari kanmu da finafinai. An yi nazari a kan 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, aka samu cewa a musayar wuta harsashi 18 ne kawai cikin 100 yake samun wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da harbi yake cikin aikinsu, ana horar da su, ana sake horar da su. Sauran 82 ɗin ina suke zuwa? A motar haya ko a kasuwar Bakin Birji ranar cinta, harsashin da ya kuskure ba ya ɓacewa cikin iska, jikin wani yake samu. Sannan akwai abin da duk direban da ya daɗe a hanya ya sani: fashin da aka yi nufin a ƙwace kuɗi da waya a tafi, da zarar fasinja ɗaya ya yi harbi, ya zama a buɗe wa motar wuta baki ɗaya. Ka ga kai da ka sayi ƙarfe don ka kare kanka ka yanke wa mutum ashirin hukuncin da ba su sa hannu ba. In kuma aka laluba aka same ta a jikinka ba ka yi amfani da ita ba, ka ƙara wa ɓarawo jari.

Mu zo ga ta biyu, ta gida. Nan akwai wani kulli da ko Amurkawan ba su kwance ba. In ka ajiye ta a ɗane kusa da kai don ka same ta da sauri cikin dare, to yaro ma zai same ta da sauri da rana. In ka kulle ta, ka raba ta da harsashi don yaro, to ɓarawo ya riga ka. Ku dubi gidajenmu. Ɗaki ɗaya ne ko biyu, yara takwas, na maƙwabta suna shiga suna fita, ƙanenka yana aron rigarka ba sallama. Wane lungu ne a gidan Bahaushe da yaro ɗan shekara tara bai san shi ba? Ƙarƙashin katifa? Cikin adaka? Saman rufi? Ku tuna yarintarku, me iyayenku suka ɓoye da ba ku gano ba?

Sai dare. Wa yake motsi a tsakar gidanmu da ƙarfe biyu na dare? Sau ɗaya ɓarawo, sau ɗari na gida: ƙanenka da ya dawo daga hira ya haura katanga don kar ya tada tsoho, almajirin da yake kwana a zaure, baƙon da ya fita kewaye, akuyar maƙwabci. Da sanda a hannu, in ka kuskure, gobe a ba da haƙuri a ɗaura karaya. Da bindiga, sai dai a yi wanka a kai makwanci. In ma da sauran numfashi, babban asibitin Damagaram yana nesa da Tanut da kusan kilomita 150, daga ƙauyukan Tarka kuwa sai ka fara neman motar da za ta fito da kai bakin hanya. Jini ba ya jiran wannan tafiya.

A 1993 wani likita mai suna Arthur Kellermann da abokan aikinsa sun buga bincike a kan kisan kai a cikin gidaje a yankuna uku na Amurka. Suka samu cewa gidan da ke da bindiga ya fi wanda ba shi da ita haɗarin a kashe wani a cikinsa da kusan ninki 2.7, kuma yawancin ƙarin daga hannun dangi ne ko na kusa. Masu son bindiga sun soki binciken, suka ce mai yiwuwa waɗanda dama suke cikin haɗari ne suke sayen ta. Sukar tana da ma'ana. Amma ba sai an kawo mana likita daga Amurka ba kafin mu san cewa a gida ake faɗan miji da mata, a gida ake rigimar gado, a gida saurayin da ya sha taramol yake dawowa idonsa a rufe, a gida wanda bashi ya yi wa katutu yake kwana yana juyi. Ɓarawo yana iya shekara goma bai zo ba. Fushi kuwa kullum yana gida.

Wani zai ce: ai mu jikokin masu makami ne, Damargu ba ta taɓa zama hannu sake ba. Haka ne. Ƙasar nan ita ce rumbun Abzin, hatsinta ne yake ciyar da ayarin da ke bi tsakanin Kano, Damagaram, Agadas da Tarabulus. A watan Janairu na 1851 Bature Heinrich Barth ya ratso nan tare da ayarin gishirin Kel Ewe, a nan Damargu ma ya rabu da abokan tafiyarsa, kowa ya kama hanyarsa. Zamani ne na hari da kariya, garuruwa suna neman inuwar mai ƙarfi, fatake suna tafiya da rakiya. A Damagaram Sarki Tanimun ya tara bindigogi, har igwa aka ƙera masa. Babu wanda zai ce kakanninmu ba su san makami ba.

Amma ku lura da yadda suke riƙe shi. Takobin Buzu a rataye yake, kowa yana gani. Sandar Bafulatani a kafaɗa take. Kwari da bakan maharbi a bayansa suke, kuma yana da sarkin baka da zai tuhume shi. Bindigogin Tanimun a hannun dakarun sarki suke, akwai wanda ya ba da su, akwai wanda zai tambaya. Ni na tashi na iske kwarin kakana a rataye a zaure, duk mai shigowa yana ganinsa, kuma duk unguwa ta san wane ne zai amsa in kibiya ta fita. Makamin da ake gani yana da ladabi: ana sanin mai shi, ana sanin gidansu, ana ce mishi ajiye kafin ka shiga wurin sulhu, kuma kafin a zare takobi daga kube akwai ɗan lokacin da dattijo zai riƙe hannu. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai ratsa kasuwa da kibau ya kame tsininsu. Bindigar ƙugu an ƙera ta ne don kar a gani. Babu dattijon da zai ce a ajiye abin da bai san da shi ba. Ranar da aka fara zaton kowa yana iya ɗauke da ita, ranar ce kowace gardama za ta zama ta wanda ya riga zarowa.

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne Damargu ta bambanta da birnin da aka ɗauki bidiyon. Mu a kan iyakar gona da makiyaya muke zaune. Tun 1961 doka ta shata layin da noma bai kamata ya wuce ba ta arewa, layin kuma ta arewacin ƙasarmu ya bi. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun hau, burtali ya matse, dabbobi kuma dole su gangaro kudu da kaka. Kowace shekara, tsakanin yankan hatsi da ranar da hukuma take sanar da sakin gonaki, akwai makonnin da zuciya take kusa: shanu sun shiga wake, an cinye wani zangon da aka saba sauka, an yi jayayya a kan wa zai fara shayarwa a rijiya. Yawancin waɗannan rigingimu da baki suke ƙarewa, wasu da sanda, a je gaban mai gari ko hakimi, a ƙiyasta ɓarna, a biya. Shekara mai zuwa makiyayin nan ya dawo ya sauka a gonar nan, ya bar taki, ya sayi hatsi, matarsa ta kawo nono.

Mun kuma san yadda take zama in ta ƙwace. A Toda, cikin jihar Maradi, a watan Oktoba na 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, akasarinsu mata da yara. A Bangi, cikin jihar Tawa, a watan Nuwamba na 2016, aƙalla mutum 18 suka mutu a kan irin wannan. Yanzu ku ɗauki kakar bana, ku sa bindiga a ƙugun saurayin da ke gadin gona, ku sa wata a ƙugun yaron da ke bin shanu. Ka sayi taka don ɓarawo, amma wanda za ka fi haɗuwa da shi kana cikin fushi maƙwabcinka ne na shekara talatin. Kuma in manomi ya saya, makiyayi zai ji labari ya sayar da sa ɗaya ya sayi wadda ta fi ta. Kai ƙarama, shi kalashi. Gobe ƙauyenku ya yi karo-karo. Wannan tsani ba shi da matakin ƙarshe.

Ba hasashe nake yi ba, ga Zamfara nan kusa. Abin ya faro ne da satar shanu da rigimar gona da burtali. Mutanen gari suka gaji, suka kafa 'yan sa-kai. Aka fara hukunta wanda ake zargi a kasuwa ba shari'a, laifin mutum ɗaya ya zama na ƙabila. Ɗaya ɓangaren ya shiga daji ya sayi manyan makamai. A watan Afrilu na 2014 aka afka wa taron 'yan sa-kai a 'Yargaladima aka kashe mutane masu ɗimbin yawa. Daga 2019 dubban mutane suka tsallako suka fake a yankin Gidan Runji na jihar Maradi. A watan Yuni na 2022 har gwamnatin Zamfara da kanta ta ce jama'a su nemi izinin riƙe bindiga, shugabannin tsaron Najeriya suka ce ba da yawunsu ba. Yau manomi a wasu garuruwan can sai ya biya haraji ga 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa. Bindiga ta yawaita, tsaro bai zo ba.

A cikin gida ma mun gani. Bayan kashe-kashen da aka yi wa fararen hula a Tilaberi, mutanen Banibangu suka kafa 'yan sintiri. Wa zai zarge su? An kashe musu 'yan'uwa a gona. A farkon Nuwamba na 2021 aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da magajin garin. Allah ya jiƙansu. Jarumai ne, suna da yawa, suna tare, makamansu sun fi bindigar ƙugu, duk da haka abin ya fi ƙarfinsu. Darasin da na ɗauka shi ne: ga babbar barazana ƙaramar bindiga ta yi kaɗan, ga ƙaramar rigima kuma ta yi yawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ruwa ake shafa wa naka, ba kananzir ba.

Sai doka, don kar wani ya fita daga nan ya ce ba a gaya mishi ba. A Nijar riƙe bindiga sai da takardar izini daga hukuma, ta hannun ma'aikatar cikin gida, makamin yaƙi kuwa ba na farar hula ba ne sam. Wadda aka sayo a ɓoye daga arewa ba ta da takarda, ba ka san rayuka nawa ta ci kafin ta iso hannunka ba, kuma in jandarma suka same ta a shingen bincike, ba za a tambaye ka ko mutumin kirki ne kai ba, gidan kaso ne. Ka bar gidan da ka ce za ka kare ba kowa. Ƙasar nan ta taɓa yin zaɓi a kan wannan batu da idonta a buɗe. A 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI. Ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen arewa, ranar da har yau muke hutu dominta. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi sama da dubu a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Mutanen da suka san bindiga fiye da mu, suka kwana da ita a duwatsu shekara da shekaru, su ne suka miƙa ta aka ƙona. Kafin mu sayo abin da suka ƙona, ya kamata mu tambaye su dalili.

Na san tambayar da take cin wasunku: to malam, hukuma tana nesa, in an shigo mini cikin dare, in rungume hannu? A'a. Kare kai da iyali haƙƙi ne, addini ya yarda, doka ta yarda. Kuma ban ce babu wanda bindiga ta taɓa cetonsa ba, akwai. Amma mai hankali ba ya gina gida a kan dare ɗaya ya manta da sauran dararen shekara. In sana'arka ta sa kana ganin lallai sai da ita, ƙofar doka tana nan: ka nemi izini, a bincike ka, ka koya a hannun masana, ka tanadi wurin kullewa. In ka ga ba za ka iya cika waɗannan ba, to ka riga ka samu amsarka.

Ga nawa adadin. Ga magidanci na yau da kullum a Tanut ko Belbeji, ɗalibi, ɗan kabu-kabu, mai shago, malamin makaranta, bindigogin da suka ishe shi sifiri ne. Amma ba na sallamar ku hannu wofi, ga abin da nake ganin ya kamata kowa ya mallaka a madadinsu.

A gida: ƙofa mai ƙarfi da sakata ta ciki, fitila mai aiki da hasken rana a ƙofar gida da bayan garke, da usur. Ɓarawo duhu da shiru yake so. Sannan yarjejeniya da gidaje goma na kusa da kai: in an ji usur kowa ya kunna fitila ya yi kururuwa, a kira hukuma. Lambar jandarma da ta mai unguwa su kasance a wayar kowa, har ta uwargida da babban yaro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a kiyaye, aikin maƙwabta farkarwa ne da kira, wanda aka kama a miƙa shi, kar a taɓa shi. Daga dukan ɓarawo a kasuwa Zamfara ta fara zamewa.

A hanya: kar ka ɗauki kuɗin da za ka iya aikawa. Kamfanonin aika kuɗi suna nan a garuruwanmu, ladan da za su cire bai kai ran mutum ba. A daina ƙirga kuɗin raƙumi a tsakiyar kara kowa yana kallo. A yi tafiya da rana, a jere, a sanar da na gida lokacin tashi da na isa. In an tare ku, abin da ke aljihu ana mayar da shi, abin da ke ƙirji ba a mayarwa.

A gona da rijiya: takarda. Tun 1993 ƙasar nan take da kundin dokokin karkara, da hukumomin filaye da ake kira COFO tun daga ƙauye har zuwa matakin perefe, a 2010 kuma aka ƙara dokar kiwo. Doka ta ce rigimar ɓarna a fara kai ta sulhu gaban sarakunan gargajiya kafin kotu. Matsalar ita ce da yawa daga iyayenmu ba su san da wannan ba, wasu hukumomin kuma suna nan a suna kawai. Ku da kuka yi lakwal, nan ne aikinku. Ku je ku tambaya ko COFO ta garinku tana zama. Ku nemi a shata burtali a kafa masa alama kafin damina. In an sanar da ranar sakin gonaki, ku yaɗa ta a WhatsApp da Hausa, da Fulatanci, da Tamashek, da Barbarci, murya ba rubutu ba, don ta isa ga wanda ke bayan shanu.

Ga hukuma kuma, mu yi magana da murya ɗaya, cikin ladabi amma ba gajiya. In an ce farar hula kar ya riƙe makami, to wajibi ne wanda aka ba makamin ya zo in an kira shi. Mu nemi sintiri a ranakun kasuwa da lokacin kaka. Mu riƙa rubuta duk abin da ya faru, rana da wuri da lokacin da aka kira da lokacin da aka zo, mu kai wa magajin gari da perefe a rubuce. Ƙorafin fada iska take kwashewa, takarda kuwa tana zama a kan tebur.

In kuma akwai wanda ya riga ya saya, ko ya dawo da ita daga Jado, ko ya gada, ban zo tona asirin kowa ba. Yau ɗin nan ka raba ta da harsashi, ka nisanta ta da yara. Sannan ka sami hakimi ko wani dattijon da ka amince da shi, ya yi maka jagora a miƙa ta ga hukuma. Ku kuma 'yan'uwa mata, ku ne kuke kwana ɗaki ɗaya da wannan ƙarfe, ku ne kuke sharar ƙarƙashin gado. Kuna da haƙƙin ku ce ba a ɗakin 'ya'yana ba.

Har yanzu a Damargu Bahaushe da Buzu da Bafulatani da Dagira da Balarabe suna cin kasuwa ɗaya, suna sallah a sahu ɗaya, suna wasan dangi, suna bin juna bashi. Mutanen Zamfara da Tilaberi za su ba da duk abin da suka mallaka su dawo da irin wannan zama. Mu namu yana hannu, mu san darajarsa tun bai suɓuce ba. Wanda duk bai gamsu da lissafina ba, ga fili nan, ya taso mu tattauna, don gara mu yi gardamar nan yau da baki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.